Hoto Kafin Wuƙa: Hasashen Yaɗuwar Sankarar Mama Zuwa Kaluluwar Hammata



Batun da zan yi magana a kansa yau ya shafi wani ɗan ƙaramin wuri ne a jikin ɗan Adam wanda ba safai ake ambatonsa a taro irin wannan ba, wato hammata. Kowa a cikinmu ya san kaluluwa. Yaro ya yi tuntuɓe, yatsa ya rure, bayan kwana biyu sai a ji wani ɗan ƙullutu ya taso a matsematsinsa, iyaye su ce kaluluwa ce ta fito. To, a gaskiya ba fitowa ta yi ba, dama tana nan, kumbura ta yi. Jikin mutum cike yake da waɗannan 'yan ƙullutai masu siffar wake, kuma a hammata ɗaya kaɗai akan sami tsakanin 20 da 40. Aikinsu tace wani farin ruwa ne da ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin tsoka, wanda siraran jijiyoyi ke kwashewa su mayar da shi cikin jini. Duk abin da ya biyo wannan ruwa, ko ƙwayar cuta ko wani datti, a kaluluwa ake tare shi, kamar yadda rariya ke tare tsaki.

Mafi yawan ruwan da ke fitowa daga nono ta hammata yake bi. Saboda haka idan sankara ta kama nono, ƙwayoyinta suka ɓalle suka shiga wannan magudana, zangonsu na farko galibi shi ne kaluluwar hammata. Wannan ne ya sa duk likitan da ya tabbatar mace na da sankarar mama, tambayar da ke biye ita ce, shin ta kai hammata ko ba ta kai ba? Amsar ita ke nuna matakin da ciwon ya kai, ita ke nuna girman aikin da za a yi, da irin maganin da za a bayar, da ko za a yi gashi da na'ura. Ba kuwa ƙaramar tambaya ba ce idan aka duba yawan waɗanda ta shafa. A lissafin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya kaɗai sababbin kamuwa a wannan shekara sun haura 30,000.

Shekara da shekaru hanya ɗaya ce ta samun wannan amsa, ita ce wuƙa. A 1894 wani likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, William Halsted, ya buga sakamakon aikinsa, inda yake cire nono gaba ɗaya, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da dukkan kaluluwar hammata. A ganinsa sankara tafiya take yi daki-daki, daga nono zuwa hammata, daga hammata zuwa sauran jiki, don haka wanda ya yanka da faɗi shi ne zai sha gabanta. An bi wannan tafarki fiye da shekara 70. Sai a 1971 Bernard Fisher da abokan aikinsa suka fara wani babban gwaji a kan mata 1,665, inda aka kwatanta aikin Halsted da ayyukan da ba su kai shi tsanani ba. Bayan an bi matan shekara 25, ba a ga bambanci a yawan waɗanda suka rayu ba. Wato kaluluwa ta fi zama mai ba da labarin halin ciwon, ba lalle ba ne ita ce ƙofa tilo da yake bi.

Amma me ya sa ake damuwa da barin kaluluwa a inda take? Idan cire ta bai rage kome ba, ai sai a cire a huta. A nan ne, 'yan'uwa, nake son ku tuna da ciwon tundurmi. Mai tundurmi ƙafarsa na kumbura ne saboda wasu tsutsotsi sun toshe masa wannan magudanar ruwa da muke magana. To, macen da aka kwashe wa kaluluwar hammata ita ma an datse mata magudanar hannu. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2013 ya nuna kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa wannan kwasa hannunta kan kumbura. Kumburin na iya zuwa bayan watanni, yana iya zuwa bayan shekaru, kuma idan ya zauna ba ya da magani na warkewa sarai, sai dai lallaɓawa da nannaɗe hannu da tausa. Ga nauyi, ga sanƙarewar kafaɗa, ga mutuwar fata a damtse, ga saurin rurewa da an ɗan ji rauni. Ku dubi wannan da idon macen da ke daka da surfe, ko mai jan ruwa a rijiya, ko malamar da ke rubutu a allo, ko ma'aikaciyar da ke wuni tana buga takardu a ofis. Abin takaici kuma shi ne, a cikin matan da aka kama ciwonsu da wuri, mafi yawansu idan aka kai abin da aka ciro ɗakin gwaji sai a tarar babu ko ƙwayar sankara ɗaya a ciki. An nakasa hannu don a ji amsar da ita ce "babu".

An sami sassauci a farkon shekarun 1990. David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994, dukkansu a Amurka, suka nuna cewa ruwan nono ba ya watsuwa cikin hammata barkatai, akwai kaluluwa ɗaya ko biyu ko uku da yake fara isa gare su. Bari mu kira su masu gadin ƙofa. Idan aka yi allurar shuɗin rini, ko wani sinadari mai fitar da ɗan tururin nukiliya, a kusa da ƙarin ko kusa da kan nono, zai bi magudana ya tsaya a mai gadi. Likita ya ciro wannan kaɗai a auna. In tana da tsabta, sai a bar sauran. Wannan dabara ta rage kumburin hannu zuwa kusan kashi 6 cikin 100. Daga baya, a 2011, Giuliano ya buga sakamakon gwajin da ake kira Z0011, a kan mata 891, wanda ya nuna ko da an sami sankara a mai gadi ɗaya ko biyu, matuƙar ƙarin bai wuce santimita 5 ba, an kuma cire shi an bar nonon, an yi gashi da magani, to kwashe sauran kaluluwar bai ƙara wa matan tsawon rai ba.

Duk da haka, ciro mai gadi ma aiki ne. Akwai yanka, akwai tabo, akwai kuɗi. Daga nan tambayar ta koma haka: ba za a iya leƙa hammata daga waje ba, a san abin da ke ciki ba tare da an taɓa fata ba?

Hannun likita shi ne ma'auni na farko, amma hannu na yaudara ƙwarai. Yakan ji ƙullutu ya zaci sankara ce alhali kumburin rauni ne, yakan kuma laluba bai ji kome ba alhali ciwon na nan a ɓoye cikin kitse. Hoton nono na eksire, wanda ake kira mamogiram, tarihinsa ya koma har 1913, lokacin da Albert Salomon a birnin Balin ya riƙa ɗaukar hoton nonon da aka riga aka cire don ya ga yadda ciwon ke bazuwa. Wannan hoto gwani ne wajen gano ƙari a cikin nono, amma gefen hammata kawai yake kamawa, zurfinta kuwa ba ya shiga faranti. Akwai na'urar maganaɗisu, wadda ake kira Em-Ar-Ai, da ke nuna hammata biyu a lokaci ɗaya har da bayan ƙashin ƙirji. Akwai kuma wadda ake yi wa mutum allurar wani irin sukari mai tururi, a ɗauki hoton wuraren da suka fi zuƙarsa, tun da ƙwayoyin sankara mayunwata ne. Waɗannan biyu suna da tsada, kuma ta biyun ba ta ganin ƙananan ɗigo, don haka amfaninta ya fi yawa ga ciwon da ya riga ya yi nisa.

Wadda ta fi kowace amfani a hammata ita ce wadda kuka fi sani, wato na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita. Tana aika wani sauti ne da kunne ba ya iya ji cikin jiki, sautin ya bugi tsoka ya dawo, na'ura ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Ba ta da tururi mai cutarwa, ba ta da tsada sosai, ana iya ɗaukarta a hannu. Lafiyayyar kaluluwa a fuskar wannan na'ura doguwa ce kamar wake, tana da siririn ɓawo mai duhu a waje, da farin kitse a tsakiya. To, ruwan da ke shiga kaluluwa ta ɓawon yake shiga, saboda haka nan ne ƙwayoyin sankara ke fara sauka. Sai ɓawon ya fara kauri, wani lokaci ta gefe ɗaya kawai, kamar an cusa tsakuwa a ƙarƙashin tabarma. Idan kaurin ya wuce milimita 3, masu duba sukan fara zargi. In abin ya ci gaba, sai ya danne kitsen tsakiya har ya ɓace, waken ya koma dunƙulalle baƙi kamar gurjiya. Ku lura, ba girman kaluluwa ake kallo ba, siffarta ake kallo. Babba mai siririn ɓawo da kitse a ciki ta fi kwantar da hankali a kan ƙarama dunƙulalliya. Idan an ga wadda ake zargi, sai a saka siririyar allura, ana kallonta a fuskar na'ura har ta shiga ɓawon, a ɗebo ɗan abin da za a duba a madubin likita.

Amma fa kada mu yi wa na'urar nan yabon da ya wuce kima. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna sikanin haɗe da allura kusan rabin matan da ciwonsu ya kai hammata kawai yake kamawa. Dalili a fili yake. Wani yaɗuwar bai kai milimita 2 ba, wani ma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, 'yan ƙwayoyi ne da ba su isa su sauya siffar kaluluwa ba. Idan sikanin ya ce akwai, allura ta tabbatar, to akwai. Idan ya ce babu, to abin da ya faɗa a gaskiya shi ne, babu mai yawa.

A nan ne kwamfuta ta shigo. Tun wajajen 2012 masu bincike a ƙasar Holan suka yayata ra'ayin cewa hoto ba abin kallo ba ne kawai, tarin lambobi ne. Kowane ɗigo a cikinsa yana da adadin haske ko duhu, kuma daga waɗannan lambobi ana iya auna ɗaruruwan siffofi da ido ba ya iya tantancewa, kamar yadda gefen ƙari ya yi zigi-zigi ko sumul, da yadda cikinsa ya cakuɗe. Daga baya aka zo da hanyar da ake koya wa kwamfuta da misalai. A nuna mata hotuna da yawa, kowanne a gaya mata abin da aka tarar bayan an yi aiki, ita da kanta ta nemo alamomin da ke raba wannan da wancan. Abin mamakin shi ne, sau da yawa ba ma hoton hammata ake nuna mata ba, hoton ƙarin da ke cikin nono ne. Hikimar ita ce, ƙarin da ke da halin tafiya yakan nuna halinsa a jikinsa da kuma naman da ke kewaye da shi. A 2020 wasu likitoci a birnin Wuhan na ƙasar Sin suka buga irin wannan aiki, inda kwamfuta ta gano kashi 85 cikin 100 na masu yaɗuwa, ta kuma wanke kashi 73 cikin 100 na waɗanda ba su da ita, alhali ƙwararrun masu duba hoto da aka gwada ta da su sun sami 73 da 63.

Waɗannan alƙaluma na da daɗin ji, amma ina roƙonku mu ɗan yi lissafi da su, domin da yawanku gobe ku ne za ku zauna a ofis a kawo muku takardar sayen na'ura. Mu ƙaddara mata 1,000, waɗanda a cikinsu 200 ciwon ya kai hammata. Kwamfutar za ta kama 170, ta kuskure 30. A cikin 800 masu tsabtar hammata za ta wanke 584. Ke nan waɗanda ta ce ba su da kome su 614 ne, 30 daga ciki kuwa suna da shi, wato kusan 1 cikin 20. To, mu ɗauki wannan kwamfuta ɗin dai mu kai ta asibitin da a cikin mata 1,000 guda 600 ne ciwonsu ya kai hammata. Za ta kuskure 90, ta wanke 292 daga cikin 400. Waɗanda ta ce ba su da kome 382 ne, 90 kuwa suna da shi, kusan 1 cikin 4 ke nan. Na'ura ba ta sake ba, matan da ke shigowa ta ƙofa ne suka sake, sai ga kalmarta ta "babu" ta rage daraja kusan ninki biyar. Bugu da ƙari, mafi yawan irin waɗannan bincike an yi su ne da tsofaffin hotunan asibiti ɗaya ko biyu. Kwamfutar da ta koyi karatu a kan hoton wata irin na'ura, da hannun wasu ma'aikata, takan yi tuntuɓe idan aka kawo mata na wani wuri. Ni a ganina, har sai an gwada irin wannan kwamfuta a kan marasa lafiya da ke zuwa yanzu, aka bi su shekaru aka ga yadda suka ƙare, matsayinta na mai ba da shawara ne, ba na mai yanke hukunci ba.

Abin da ya sauya aikin likitoci a zahiri ya zo ne daga sikanin na yau da kullum, a hannun mutum. A 2023 aka buga sakamakon gwajin SOUND, wanda Oreste Gentilini ya jagoranta daga birnin Milan na Italiya. An ɗauki mata 1,405 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, waɗanda sikanin bai ga kome a hammatarsu ba. Aka raba su biyu, rabi aka ciro musu mai gadi, rabi ba a taɓa hammatar ba sam. Bayan shekara 5, waɗanda ke raye ciwon bai bazu zuwa wasu sassan jiki ba sun kai kashi 97.7 a rukunin farko, kashi 98 a na biyu. A ƙarshen 2024 wani gwaji da ya fi shi girma, INSEMA, na Jamus da Ostiriya, mai mata fiye da 5,000, ya zo da sakamako mai kama da wannan, ya kuma nuna ƙarancin kumburin hannu ga waɗanda ba a yanka ba.

Akwai wani abu a cikin gwajin Milan da ya cancanci a tsaya a kansa. A rukunin da aka ciro mai gadi, an tarar da sankara a kusan kashi 14 cikin 100, duk da cewa sikanin ya wanke su. Tun da ƙuri'a ce ta raba matan, babu shakka ɗaya rukunin ma akwai kwatankwacin wannan adadi da aka bari da ciwo a hammata ba a sani ba. To, me ya sa ba su cutu ba? Saboda abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma kusan dukkansu an yi musu gashi, an ba su maganin da ke bin jini ya kai ko'ina. Mafi yawansu kuma mata ne da suka manyanta, masu irin sankarar da ke jin maganin toshe sinadarin mata, wadda ba ta da saurin tafiya. Wato hoto bai yi nasara don ya ga kome da kome ba. Ya yi nasara ne don ya ga abin da ke da girma, sauran magunguna suka share abin da ya tsere masa. Wanda ya ɗauki rabin wannan darasi, ya bar hammata ba tare da tabbacin gashi da magani ba, ya jefa mace cikin haɗari.

Wannan shi ya kawo mu gida. Wani nazari na 2016 ya nuna kimanin kashi uku cikin huɗu na baƙaƙen mata a Afirka kudu da Sahara ba a gano ciwonsu sai ya kai mataki na uku ko na huɗu. Wani kuma da aka buga a 2020, wanda ya bi marasa lafiya a ƙasashe biyar, ya tarar a asibitocin Nijeriya da ya shafa kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara 3 a raye. Macen da ta zo da ƙari kamar lemo, hammata ta cika da ƙullutai masu tauri, ba ta bukatar kwamfuta ta yi mata hasashe. Asibitinmu shi ne asibiti na biyu a lissafin da muka yi ɗazu. Har ila yau, a wurinmu abubuwan da ke kumbura kaluluwa suna da yawa, ga tarin fuka da ke kama ta, ga ƙuraje da raunukan hannu, ga ciwon ƙanjamau. Ko a Turai da Amurka, a 2021 allurar rigakafin korona ta rikita masu duba hoto, don takan kumbura kaluluwar hannun da aka yi wa na ɗan lokaci. Saboda haka a nan ƙasar, ganin kauri a fuskar na'ura bai isa a ce sankara ce ba sai allura ta shaida.

Ba ina cewa wannan ilmi ba namu ba ne. Na'urar sikanin ta riga ta shiga garuruwanmu ta hanyar awon ciki. Abin da ake bukata don duba hammata shi ne a ƙara mata wani kai mai kama sauti siriri, a horar da ma'aikaci ya san siffar ɓawo da kitse, a tanadi allura, a kuma sami ɗakin gwajin da zai mayar da amsa cikin kwanaki, ba watanni ba. Inda babu sinadarin nukiliya, likitoci a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna neman mai gadi da shuɗin rini mai araha. Ko ga macen da ciwonta ya yi nisa hoton na da amfani, domin idan aka fara ba ta magani kafin aiki, da shi ake ganin ko kaluluwar na motsewa. Kuma idan ana son kwamfuta ta yi mana aiki wata rana, dole a fara adana hotunan matanmu tare da sakamakon ɗakin gwaji, bisa yardarsu, tare da ɓoye sunayensu, don da su ne za a koya mata, da su ne kuma za a jarraba ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora wa ƙasashe awo uku a kan wannan ciwo: a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 su gama maganinsu. Duk abin da na faɗa game da barin hammata ba yanka ya rataya ne a kan na farkon. Matan Milan an same su ne da ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, wato bai fi ƙwallon dabino tsawo ba, kuma irin wannan ƙari galibi ba ya zafi. Wadda ta ji shi a jikinta, ko uwa ce, ko ƙanwa, ko abokiyar karatu, kada a jira sai ya yi ciwo, kada a bari a tsaga ko a shafa wani abu, a kai ta inda za a ɗauki hoto a saka allura.

Malam shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.